Tasha mai faɗi ko siririya: wace hanya za ka bi wajen saita rediyon oba-oba na aiki a Amurka?

Duk wanda ya taɓa haɗa rediyon oba-oba na aiki da kwamfuta a Amurka don ya saita masa tashoshi ya san inda ake cijewa. Ka rubuta mitar da kake so, ka zo wajen zaɓen faɗin tasha, ka nemi kilohaz 25, manhajar ta ƙi, ta ce sai dai 12.5. Ka goge mitar ka sa wata, sai ga 25 ɗin ta buɗe ba gardama. Daga nan shawarwari ke fara yawa. Wani ya ce ka nemi makulli, wato lambar da ke buɗe zaɓin a manhaja, daga kamfanin da ya ƙera rediyon, wani ya ce ka sayi tsohon rediyo na hannu, wani ya turo maka manhajar da aka fasa, wani kuma ya ce ka rabu da analog gaba ɗaya ka koma dijital. Kowace daga cikin shawarwarin nan akwai wanda ta dace da shi, ban da guda ɗaya, kuma abin da ke raba su shi ne mitar da za ka yi magana a kanta da wanda zai amsa maka a ɗaya ɓangaren.

Daga ina takunkumin ya fito

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sa ranar 1 ga Janairu 2013 a matsayin wa'adin da duk masu lasisi ƙarƙashin Sashe na 90 na dokokinta za su bar tasha mai faɗin kilohaz 25 su koma 12.5. Sashe na 90 shi ne na 'yan kasuwa, masana'antu, kamfanonin tsaro, makarantu, asibitoci, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Zangunan da dokar ta shafa biyu ne: megahaz 150 zuwa 174, da megahaz 421 zuwa 512. Dalilin kuwa cunkoso ne. Masu neman mita sun yi yawa, fili bai ƙaru ba, sai aka yi abin da ake yi a kasuwar da ta cika, aka raba rumfa ɗaya gida biyu don mutum biyu su samu wurin zama.

Ba rana ɗaya aka yi abin ba. Tun daga watan Fabrairu na 1997 hukumar ta daina amincewa da sabon samfurin rediyo na waɗannan zanguna sai wanda zai iya aiki a 12.5. Daga farkon 2011 ta daina karɓar takardun neman sabon lasisi mai faɗi. Da 2013 ta zo, kamfanonin ƙera rediyo ma aka hana su ƙerawa ko shigo da na'urar da ke ba mai lasisin Sashe na 90 damar watsa murya a tasha mai faɗi. Wannan ne ya sa Motorola da Kenwood da sauransu suka kulle zaɓin 25 a cikin manhajojin saita rediyo na kasuwar Arewacin Amurka. Sai dai rediyon da ke kama megahaz 136 zuwa 174, ko 403 zuwa 512, yana ratsa mitocin da ba na Sashe na 90 ba ne, kuma dokar ba ta taɓa su ba. Su ne ake kira mitocin da aka keɓe.

Bambancin faɗin ba a takarda kawai yake ba. A tasha mai faɗi murya tana lilo da sigina har kilohaz 5 sama da ƙasa, a siririya kilohaz 2.5 kawai. Idan rediyo siriri ya yi magana da mai faɗi, muryar takan fito ƙasa-ƙasa kamar mai magana daga nesa, mai sauraro ya yi ta ƙara ƙara. Idan mai faɗi ya yi magana da siriri, muryar takan fito da ƙarfi tana fashewa, wani lokaci ma ta riƙa yankewa a daidai inda mai magana ya ɗaga murya, wato daidai lokacin gaggawa. Ko da duka biyun suna siririya, analog yana rasa kusan desibel 3 na tsabtar sigina idan aka kwatanta da mai faɗi, abin da ake ji sosai a ƙarshen iyakar da rediyo ke kaiwa.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko shi ne halacci, kuma shi na ɗora a kan sauran: shin doka ta yarda da faɗin da kake so a kan wannan mitar, da wannan rediyon, da lasisin da ke hannunka? Abubuwa uku ne, dole su haɗu. Na biyu kuɗi, ba na sayen rediyo kaɗai ba, har da lasisi, kebul, manhaja da ladan mai saitawa. Na uku ƙarko: shekara nawa za ka yi a kan wannan hanyar kafin ta tsufa ko kayan gyaranta su ƙare. Na huɗu sauƙi. Na biyar haɗari, wanda ya haɗa tara, kutse cikin tashar maƙwabta, da lalacewar rediyon kansa. A shekarar 2012 FCC ta yi gargaɗin cewa wanda ya wuce wa'adin yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 16,000 a kowace rana, har zuwa dala 112,500 a kan laifi guda, ban da soke lasisi. An ɗaga waɗannan alƙaluma daga baya saboda hauhawar farashi.

Hanya ta ɗaya: ka zauna a siririya, analog

Ga mai kamfanin gadi, mai otal, mai sito, ko kwamitin masallacin da ke tsara ajiye motoci ranar Idi da lasisin kasuwanci, wannan ita ce hanyar da ba ta da rikici ko kaɗan. Lasisinka zai nuna lambar irin siginar da aka yarje maka, galibi 11K2F3E, wato muryar analog mai faɗin kusan kilohaz 11. Idan ka ga 20K0F3E ko 16K0F3E kaɗai a kan mitar kasuwanci da ke tsakanin 150 da 174 ko 450 da 470, lasisin tsoho ne da ba a gyara ba, ya kamata a gyara shi kafin a kunna komai. Ana iya duba wannan kyauta a ma'ajiyar lasisi ta hukumar da ake kira ULS.

Kuɗinta shi ne mafi ƙanƙanta ga wanda ya riga ya mallaki rediyo, domin kusan duk samfurin da aka amince da shi bayan 1997 yana iya 12.5, saitawa kawai za a sake. Ƙarko babu laifi, analog zai daɗe. Matsalarta ɗaya ita ce raguwar nisa a gefen fili, kuma maganinta ba komawa mai faɗi ba ne. Eriya mai kyau da aka ɗaga sama, kebul mara yoyo, da batir mai rai sukan dawo da abin da aka rasa har da ƙari. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai a wannan hanya shi ne a saita rabin rediyoyi a bar rabi, ko a manta da rifita, wato na'urar da ke maimaita sigina. A tattaro su duka rana ɗaya a gama.

Hanya ta biyu: ka koma dijital

Da yawa daga masu neman 25 ba faɗin suke so ba, tsabtar murya da nisa suke nema. Ga irin waɗannan, dijital ne amsar da ta fi. Tsarin DMR, wanda hukumar ƙa'idoji ta Turai ETSI ta fitar a 2005 kuma Motorola ke sayarwa da sunan MOTOTRBO, yana ɗaukar hira biyu a lokaci guda cikin tasha ɗaya mai kilohaz 12.5, ta hanyar raba lokaci gida biyu suna karɓa-karɓa. Tsarin NXDN na Kenwood da Icom yana iya matsewa har cikin kilohaz 6.25. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana kuwa galibi P25 suke amfani da shi. Duka ukun sun cika sharaɗin dokar ba tare da neman wata alfarma ba.

Muryar dijital tana zama tas har kusa da ƙarshen iyaka, sannan ta ɗauke baki ɗaya, ba kamar analog da ke dusashewa a hankali cikin hayaniya ba. Akwai masu aikin da suka fi son dusashewar, domin tana gaya musu sun kusa fita daga fili. Batir ya fi jimawa a DMR tun da rediyon rabin lokaci kawai yake watsawa. Kuɗi ne ke da nauyi: rediyon hannu na aiki daga manyan kamfanoni ɗaruruwan daloli ne, manyan samfura sukan kai dubu, kuma dole a gyara lasisi a ƙara lambar siginar dijital, irin su 7K60FXE na DMR. Saitawar ma ta fi wuya, akwai lambar kowane rediyo, rukunin magana, da lambar launi, wadda ke bambanta tsari ɗaya da wani a kan mita ɗaya. Amma a ma'aunin ƙarko babu wadda ta kama ƙafarta, domin ko hukumar ta ƙara matse tashoshi nan gaba, DMR da NXDN sun riga sun kai ingancin hira ɗaya a kowace kilohaz 6.25.

Hanya ta uku: ka tsaya kan mitocin da aka keɓe

A nan ne zancen ya fi yawa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Masu rediyon sha'awa, waɗanda Sashe na 97 ke kula da su, suna da megahaz 144 zuwa 148 da 420 zuwa 450 a Amurka. Dokar 2013 ba ta shafe su ba, kuma yawancin rifitocinsu na analog har yau masu faɗi ne. Wannan ne wurin da rediyon aiki ya fi samun 'yanci, domin Sashe na 97 bai buƙaci rediyon ya zama mai takardar amincewa ta musamman ba. Mai lasisi shi ke da alhakin tsabtar siginarsa. Lasisin yana buƙatar cin jarrabawa, kuɗin hukuma dala 35 ne tun watan Afrilu na 2022, yana kuma aiki shekara 10. Sharaɗin da ba ya tanƙwaruwa shi ne ba a harkar kasuwanci a kai. Ba za ka tura direbobin kamfaninka ta wannan zango ba.

Zangon jiragen ruwa, tsakanin megahaz 156 da 162, yana ƙarƙashin Sashe na 80, kuma tashoshinsa masu faɗin kilohaz 25 ne. Tasha ta 16, wato 156.800, ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya. Amma rediyon da zai yi watsi a nan ya kamata ya zama an amince da shi ƙarƙashin Sashe na 80, kuma amfani da waɗannan tashoshi daga tudu yana buƙatar lasisin tashar gaɓar ruwa. Ina roƙon duk mai saita rediyo ya ɗauki wannan da muhimmanci. Wanda ya cika tashar 16 da hirar sito yana iya toshe muryar mutumin da jirginsa ke nutsewa.

Tashoshin yanayi na hukumar NOAA guda bakwai ne, daga 162.400 zuwa 162.550, masu faɗi ne, kuma na saurare ne kawai. Ka sa su a 25 don muryar ta fito da kyau, ka kuma kulle maɓallin magana a kansu.

Sai GMRS, rediyon iyali mai lasisi na Sashe na 95. Manyan tashoshinsa takwas, daga 462.550 zuwa 462.725, da mashigar rifita daga 467.550 zuwa 467.725, an yarda da lilon kilohaz 5 a kansu, da ƙarfi har wat 50. Lasisin dala 35 ne na shekara 10, babu jarrabawa, kuma ya rufe iyalin mai shi. Ƙananan tashoshin da ke tsakanin na 467 kuwa sirara ne, rabin wat kawai. Tarkon da ke nan shi ne, doka ta ce rediyon GMRS ya zama mai takardar amincewa ta Sashe na 95. Wasu tsofaffin samfuran Kenwood suna da takardun sassan biyu, 90 da 95, amma yawancin sababbin rediyoyin aiki na 90 kaɗai suke da shi. Lambar FCC da ke rubuce a bayan rediyon, ƙarƙashin batir, ita za ka bincika a shafin hukumar ka gani.

MURS tashoshi biyar ne marasa lasisi, wat 2, kuma an yarda a yi kasuwanci a kansu. Uku na farko, 151.820 da 151.880 da 151.940, sirara ne. Biyu na ƙarshe, 154.570 da 154.600, waɗanda tsofaffin masu sana'ar ke kira shuɗin ɗigo da koren ɗigo, su ne aka yarda da faɗi a kansu. Su ma rediyon da aka amince da shi don MURS suke buƙata, kuma ba a sa musu rifita.

A cikin Sashe na 90 kansa akwai keɓewa uku. Zangon ƙasa na megahaz 30 zuwa 50 da zangon 800 ba sa cikin dokar tun farko. Akwai tashoshin da aka ware wa na'urar feja kaɗai, mai aika saƙo ta hanya ɗaya, irin su 152.0075 da 157.450 da waɗanda ke tsakanin 462.750 da 462.925. An bar su da faɗinsu, amma ba na hira ba ne. Sai zangon 470 zuwa 512, wanda ake rabawa da talabijin a manyan birane 11, cikinsu har da Niyok, Los Anjalas, Shikago, Boston, Filadalfiya, Hustan da Washinton. A 2012 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ce a yi gwanjon wannan zango, sai FCC ta ɗage wa masu amfani da shi wa'adin komawa siririya, tun da babu ma'ana a tilasta musu kashe kuɗi a gidan da za a tashe su. A watan Disamba na 2020 majalisar ta soke umarnin gwanjon. Ga wanda ke aiki a wannan zango, lambar siginar da ke kan lasisinsa ita ce hukunci.

A ma'aunin kuɗi wannan hanya kusan kyauta ce, domin manhajojin Motorola na bayan 2013 da kansu suke buɗe 25 a kan wasu daga cikin waɗannan mitoci ba tare da wani makulli ba. Sauƙi ma haka. Haɗarinta yana cikin sauƙin nata. Manhaja mitar kawai take dubawa. Ba ta san ko kana da lasisi ba, ba ta san ko a tudu kake ko a ruwa ba, ba ta san takardar da rediyonka ke ɗauke da ita ba. Buɗewarta ba izini ba ne. Jerin mitocin da take buɗewa ma yakan bambanta daga wani fitowar manhaja zuwa wani, don haka kada ka gina tsarin aiki a kan abin da ka gani a kwamfutar wani.

Hanya ta huɗu: makullin kamfani

Motorola da Kenwood suna ba da makulli na musamman da ke buɗe zaɓin 25 a cikin manhajar. An yi shi ne don mutanen da ke da hujja: masu rediyon sha'awa, hukumomin gwamnatin tarayya waɗanda hukumar NTIA ce ke kula da mitocinsu ba FCC ba, masu zangon 470 zuwa 512, da masu fitar da rediyo zuwa ƙasashen waje. Hanyar samunsa ta asusun da kake da shi da kamfanin ce ko ta dillalin da aka amince da shi, kuma za ka amince cewa ka san dokar kuma nauyin bin ta yana wuyanka.

Kuɗin makullin ba shi ne abin damuwa ba, lokaci ne da zirga-zirgar buɗe asusu. Makullin yakan ɗaure da kwamfuta ko asusun da aka yi rajistarsa, saboda haka ranar da kwamfutar ta mutu ko ka sauya ta, sai an sake bin layi. Ta fuskar lafiyar rediyo kuwa ita ce mafi aminci cikin hanyoyin samun faɗi: manhaja ta asali, garanti bai taɓu ba, sabuntawa na ci gaba. Wanda ke saita wa mutane rediyo a matsayin sana'a, yau mai jirgin ruwa gobe mai rediyon sha'awa jibi kamfanin gadi, wannan ce hanyarsa. Amma makullin ya ɗauke shingen da ke kare shi daga kuskure, don haka tilas ya saba da neman kwafin lasisi kafin ya taɓa rediyon kowa, ya kuma ajiye fayil ɗin saitin kowane abokin ciniki daban.

Hanya ta biyar: tsohon rediyo da tsohuwar manhaja

Rediyoyin kafin 2013, irin su Motorola HT1250 da CDM1250 da CP200 da jerin TK na Kenwood, sun cika kasuwar kayan hannu a farashi mai sauƙi, kuma tsofaffin manhajojinsu ba su san da kulle ba. Jikinsu na da ƙwari, sun sha wuya sun rayu. Ga mai rediyon sha'awa da ke son na'ura mai kunne mai kyau da murya mai daɗi a rifitar analog, ciniki ne mai kyau.

Sai dai a lissafa abin da ke biyo baya. Batirin asali ya daɗe da mutuwa, na kasuwa kuma sa'a ne. Wasu manhajojin sai da tsohuwar kwamfuta mai tsohuwar kafar kebul. Rediyon da ya shekara ashirin yakan zame daga mitarsa, sai an kai shi wurin mai na'urar awo ya daidaita. Kuma tsufan rediyo bai ba shi lasisin yin faɗi a mitar kasuwanci ba. An yarda ka ci gaba da amfani da shi a Sashe na 90 muddin a 12.5 ka sa shi. Wanda aka ƙera kafin 1997 da bai iya 12.5 ba ya gama aikinsa a can.

Manhajar da aka fasa, ko fayil ɗin saiti da aka yi wa kutse don a tilasta 25, ba na sa ta cikin zaɓi. Tana keta yarjejeniyar kamfani, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta, kuma rubutu ɗaya da ya katse a tsakiya yana iya mayar da rediyon dala dubu abin da ba ya ko kunnuwa. Duk abin halal da take yi, makullin kamfani yana yin sa.

Hanya ta shida: rediyo na biyu da aka ƙera don aikin

Wannan ce hanyar da aka fi rainawa, ni kuwa ita nake ba mutane da yawa shawara. Rediyon GMRS na hannu mai takarda ana samunsa da gomman daloli. Na jirgin ruwa yana zuwa da tashoshinsa a shirye, ba ya jin ruwa, wasu ma suna yawo a saman ruwa idan sun faɗa. Babu kebul, babu manhaja, babu shakkar takarda. Ba su kai rediyon aiki ƙarko ba, musamman masu arha, kuma za ka ɗauki na'ura biyu maimakon ɗaya. Amma rediyon aikinka ya zauna da tashoshin aiki kaɗai, ma'aikaci ba zai murɗa maɓalli ya faɗa tashar da ba tasa ba.

| Hanya | Halacci | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Siririya analog | Cikakke a Sashe na 90 | Kaɗan | Mai kyau | Mai sauƙi | Raguwar nisa kaɗan |
| Dijital | Cikakke bayan gyara lasisi | Mai yawa | Mafi kyau | Yana son gwani | Saitin da bai dace ba |
| Mitocin da aka keɓe | Ya danganta da sashe da takardar rediyo | Kusan babu | Mai kyau | Mai sauƙi | Ɗaukar buɗewa a matsayin izini |
| Makullin kamfani | Halal ga mai hujja | Kaɗan, sai lokaci | Mai kyau | Matsakaici | Sa faɗi a mitar kasuwanci |
| Tsohon rediyo | Faɗi a zangon sha'awa, 12.5 a na kasuwanci | Arha | Yana raguwa | Da wahala | Batir, zamewar mita |
| Rediyo na biyu | Cikakke | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Mafi sauƙi | Kaɗan ƙwarai |

Idan gida Afirka za a kai rediyon

Rediyoyin Amurka da yawa suna ƙarewa a hannun masu gadi da masu gine-gine a Kano, Abuja, Yamai ko Kumasi, ta hannun 'yan'uwa ko 'yan kasuwar kayan hannu. Dokar FCC ba ta tsallaka teku, amma kullen yana tsallakawa, domin a cikin manhajar yankin yake. Motorola tana raba samfuranta ta yanki: jerin XPR na Arewacin Amurka ne, jerin DP da DM na Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, kuma kowane yanki da manhajarsa. Mai gyara a gida da ke da manhajar DP yana iya kasa karanta XPR ɗin da ka aiko. Wanda zai sayi sabo don a yi aiki da shi a Afirka ya nemi samfurin yankin tun farko. Faɗin da za a sa kuwa takardar hukumar ƙasar ce za ta faɗa, irin su NCC da ma'aikatar sadarwa a Najeriya, ARCEP a Nijar, NCA a Gana. Zangon masu rediyon sha'awa ma ya fi ƙunci a Afirka, 144 zuwa 146 ne da 430 zuwa 440, kuma babu GMRS ko MURS irin na Amurka.

Wace ta dace da wa

Idan kana da kamfani ƙarami, rediyo goma ko ashirin, gini ɗaya ko fili ɗaya, kuma murya tana kaiwa ko'ina, ka zauna a siririya analog ka kashe kuɗinka kan batura da eriya. Idan ma'aikatanka suna ƙorafin hayaniya a gefen fili, ko kana buƙatar rukuni biyu su yi magana lokaci ɗaya a rifita ɗaya, ka tara kuɗi ka koma DMR ko NXDN, ka fara da rediyoyin da ke iya analog da dijital duka don sauyin ya tafi a hankali.

Mai lasisin rediyon sha'awa da ya sayi rediyon aiki sabo ya fara gwada abin da manhajar ta buɗe masa da kanta. Idan bai isa ba ya nemi makullin kamfani. Idan aljihunsa bai kai ba kuma yana da haƙurin gyara, tsohon rediyo zai ishe shi. Iyalin da ke son magana a tafiyar mota ko a sansanin daji su ɗauki lasisin GMRS da rediyon GMRS. Mai kwale-kwale ya sayi rediyon ruwa. Ƙaramin shago da ba ya son takardu ya duba MURS da rediyon da aka amince da shi don MURS.

Mai aiki a zangon 470 zuwa 512 a ɗaya daga biranen nan 11 ya buɗe lasisinsa a ULS ya saita daidai da lambar da ke ciki, ya kuma tambayi mai kula da rifitar wane faɗi take kai kafin ya rubuta tasha ko ɗaya. Wanda kuma sana'arsa ce saita wa jama'a rediyo, ya mallaki makullin kamfani da manhaja ta asali, ya bar 12.5 a matsayin saitin farko na kowace sabuwar tasha, ya buɗe 25 kawai a tashar da ya ga takardarta da idonsa.